Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Atisayen Likitoci Kan Yaron da Ya Ci Tsiro Mai Guba

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da sanin cewa a cikin tsirran da ke kewaye da gidajensu akwai masu cutarwa, kuma sun adana wannan sani a cikin sunayen da suka raɗa musu. Zaƙami, wanda ke fitowa a kan juji da bayan gari, ana yi masa laƙabi da haukata-yaro. Itacen nan da ake dasawa don shingen gona ana ce masa bini-da-zugu, zugu kuwa farin saƙi ne da ake yi wa mamaci likkafani da shi. Sunan kansa gargaɗi ne, amma kunnen babba kawai yake shiga. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai san ma'anar zugu ba. Abin da ya sani shi ne ya tsinci ƙwaya mai kama da gyaɗa, ya tauna, ya ji garɗi, ya ƙara.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, bai kamata likita ya fara haɗuwa da irin wannan yaro a ranar da ransa ke hannunsa ba. Kamata ya yi ya riga ya haɗu da shi sau da dama a ɗakin atisaye, inda kuskure ba ya kai kowa kabari. Sai dai atisayen ba zai tsinana komai ba har sai an gina shi da tsirran yankinmu, da harshen da iyaye mata ke kawo kukansu da shi, da kuma magungunan da ke cikin kabad ɗin asibitinmu da gaske.

Mene ne atisayen kwaikwayo?

Atisayen kwaikwayo shi ne a shirya wa ma'aikacin lafiya yanayi mai kama da na gaske, a sa masa mutum-mutumi ko wani mutum da ke taka rawar majiyyaci, a bar shi ya yi aiki da hannunsa, sannan a zauna a yi bitar abin da ya yi. Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na 18 wata ungozoma a Faransa mai suna Madam du Coudray ta ɗinka mutum-mutumin mace mai naƙuda da ƙyalle da fata, ta zagaya ƙasar tana koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa da shi. A 1929 Edwin Link na Amurka ya ƙera akwatin da matuƙa jirgin sama ke koyon tuƙi a cikinsa ba tare da sun bar ƙasa ba. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, mutum-mutumin da ake koyon farfaɗo da numfashi a kansa har yau. A 1963 kuma Dakta Howard Barrows, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya fara horar da mutane masu lafiya su yi kamar marasa lafiya domin ɗalibai su koyi tambaya da bincike. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, Dakta David Gaba na Jami'ar Sitanfod ya aro daga matuƙa jirgi darasin yadda ƙungiya ke aiki tare a lokacin tashin hankali, ya shigo da shi ɗakin tiyata.

Duk waɗannan mutane abu ɗaya suka fahimta: akwai aikin da ba ya zuwa kullum, amma ranar da ya zo ba ya jiran a buɗe littafi.

Abin da ya sa gubar tsiro ta fi buƙatar atisaye

Likitan yara a Maraɗi ko Damagaram yana ganin zazzaɓin cizon sauro kowace rana ta damina, har hannunsa kan riga tunaninsa sanin abin yi. Gubar tsiro ba haka take ba. Yana iya yin watanni bai gamu da ita ba, sai rana ɗaya a shigo masa da yara biyar daga unguwa guda. Ƙwarewar da yau da gobe ke bayarwa ba ta samuwa a nan, don haka dole a ƙirƙiro yau da goben da gangan.

Abu na biyu, gubar tsiro takan shigo ne sanye da rigar wata cuta. Yaron da jikinsa ya yi zafi, yana sambatu, yana jijjiga, kowa zai fara zaton zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. A lokacin damina ma gwajin jini na iya nuna ƙwayar zazzaɓin, domin yara da yawa na ɗauke da ita ko da ba ita ta kwantar da su ba. Daga nan sai bincike ya tsaya, alhali guba na ci gaba da aikinta.

Abu na uku, maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Likita zai yi lissafi a tsaye, uwa na kuka a kansa, dangi sun cika ƙofa. A nan ne sifili ɗaya ke shiga inda bai dace ba, magani ya ninka sau goma.

Abu na huɗu, a mafi yawan wurare babu wanda za a buga wa waya. Ƙasa da rabin ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya ne ke da cibiyar ba da shawara kan guba, kuma giɓin ya yi faɗi ƙwarai a Afirka. Maroko na da irinta a Rabat, Senegal a Dakar, Gana a Akra. Wanda ke aikin dare a ƙaramin asibitin karkara, abin da ke kansa da hannunsa shi ne jarinsa.

Tsirrai shida da darasin kowannensu

Zaƙami, wanda masana tsirrai ke kira Datura, yana ɗauke da sinadaran atirofin da sikofolamin, musamman a cikin ƙwayoyinsa. Yaron da ya ci shi za a ga tsakiyar baƙin idonsa ta buɗe wangam, bakinsa ya bushe, fatarsa ta yi zafi ba gumi, zuciyarsa na bugu da sauri, fitsari ya ƙi fita, yana kai hannu yana kama abin da babu. Darasin da ke nan mai nauyi ne. Maganin ƙwari na gona, wanda shi ma yara kan sha bisa kuskure, alamunsa kishiyar waɗannan ne: ido ya tsuke, yawu na dalala, gumi na zuba. Makarin wannan nau'in maganin ƙwari shi ne atirofin. Idan likita ya ji kalmar guba kawai ya ɗauko atirofin ya yi wa yaron da ya ci zaƙami, to ya ƙara masa gubar da ke jikinsa ne. Duban ido da taɓa hammata, abin da bai wuce daƙiƙa goma ba, shi ke raba hanyoyin biyu. Haka kuma zafin jikin mai zaƙami daga tsayawar gumi yake, don haka tuɓe shi da jiƙa shi da ruwa ya fi ba shi maganin zazzaɓi tasiri. Sau da yawa fisge-fisgensa kan ragu da zarar an sa masa robar fitsari mafitsara ta sauke. Wannan guba tana iya kwantar da jama'a a lokaci guda: a watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na Yuganda, mutum kusan 300 sun kamu, biyar suka rasu, bayan shan kunun garin tallafi da ya gauraya da ƙwayar wannan tsiro.

Bini-da-zugu kuwa amai da gudawa da ciwon ciki yake kawowa jim kaɗan bayan cin ƙwayar. Mafi yawan yara kan warke, haɗarin yana ga ƙarewar ruwan jiki. Darasinsa shi ne iya auna tsananin bushewar jiki da mayar da ruwa a kan lokaci, da kuma tambayar ina sauran abokan wasan, domin da wuya yaro ya ci shi shi kaɗai.

Zurma da idon zakara darasin haƙuri suke koyarwa. Gubar da ke cikin ƙwayarsu ba ta cika fita ba sai an tauna, kuma alamunta na iya jinkiri na sa'o'i masu yawa. Babu makari na musamman gare su. Yaron na iya zuwa yana dariya, a sallame shi, a dawo da shi ranga-ranga. Tambayar da ya kamata ta zauna a bakin likita ita ce: ya haɗiye ta ne ko ya tauna, kuma guda nawa?

Gwanja-kusa, itacen da ya fi yawa a ƙasashe masu damshi irin su Gana da Benin da kudancin Burkina Faso, ana cin ɗansa idan ya nuna ya tsage da kansa. Ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana jiki samar da sukari, sai sukarin jini ya faɗi warwas. A farkon 1998, a kudu maso yammacin Burkina Faso, ƙananan yara 29 sun kamu da amai da jijjiga da doguwar suma, kuma dukkansu suka rasu. Bincike ya danganta abin da cin ɗanyen ɗan wannan itace. Abin da irin wannan yaro ke buƙata da gaggawa shi ne ruwan sukari ta jijiya, wanda yana cikin mafi arahar kayan asibiti. Duk atisayen da ya cusa wa likita ɗabi'ar auna sukarin kowane yaro da ya suma ya biya kuɗinsa.

Na shida shi ne rogo mai ɗaci, wanda ke sakin gubar sayanayid idan ba a fere shi an jiƙa shi an shanya shi yadda ya kamata ba. A lokacin yunwa ne ake gajarta wannan aiki. Alamarsa ita ce mutanen gida ɗaya, da suka ci daga tukunya ɗaya, su kamu da jiri da amai da haki cikin ƴan sa'o'i, ƙananan ciki su fi jigata.

Harshe ma kayan aiki ne

A Yamai da Damagaram da Faransanci ake karantar da aikin likita, a Tamale da Ingilishi. Sunan tsiron da ɗalibi ya haddace na Latin ne. Uwar da za ta shigo masa da yaro kuwa ba za ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Za ta ce iska ta buge shi, ko ta ce tun la'asar yake surutai. Idan aka tambaye ta me ya ci, za ta iya rantsuwa bai ci komai ba, kuma gaskiya ta faɗa, domin a wurinta ci na tuwo ne da fura. Tambayar da ke buɗe ƙofa daban ce: a ina ya yi wasa yau, wane itace ne a wurin, su wa ke tare da shi, akwai wani cikinsu da ya kwanta, an ga wani abu a aljihunsa ko a cikin amansa?

Akwai kuma abin da tsoro ke ɓoyewa. Wataƙila an riga an ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri don ya yi amai. Ruwan gishiri guba ne na biyu ga ƙaramin yaro, manja kuma na iya sarƙe wanda hankalinsa ya gushe ya gangara huhu. Wataƙila ma jiƙon da aka ba shi don magani shi ne tushen matsalar. Uwar da aka daka wa tsawa ba za ta faɗi wannan ba. Wadda aka ce wa, "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, ba laifi muke nema ba, faɗa mini duk abin da ya shiga bakinsa tun safe," ita ce za ta faɗa. Wannan furuci shi ma sai an gwada shi a ɗakin atisaye har ya zauna a baki, kamar yadda ake gwada neman jijiya. Shi ya sa wadda ke taka rawar uwa ta fi mutum-mutumin muhimmanci a atisayen guba, kuma dole ta yi magana da Hausar kasuwa da ta cikin gida, da karin harshen yankin.

A nan ne aikin ya iso ƙofar ɗaliban Hausa. Sunan tsiro yakan sauya daga gari zuwa gari, suna ɗaya kuma na iya hawa kan tsirrai biyu. Likita a Yamai zai ji Bahaushe ya ce zaƙami, Bazabarme ya ce sobi-lobi, abu ɗaya suke nufi. Littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dakta J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 ya haura shekara ɗari, kuma shi kansa likita ne da ya ga amfanin abin. Tattara sunayen tsirrai masu guba na Gobir da Adar da Damagaram da zangunan Gana, a haɗa kowanne da hotonsa da ganyensa da ƙwayarsa, aiki ne da ya dace da kundin kammala karatu. Rubuta maganganun da uwa za ta yi a atisaye, yadda za su fito kamar na gaske, shi ma aikin wanda ya san harshe ne.

Yadda zama ɗaya zai kasance

Ba a buƙatar gini na musamman. Ɗakin da ake karɓar yara na gaggawa ya isa, a lokacin da aiki ya lafa. A shimfiɗa ƴar tsana mai girman yaro a kan gado. Mutum huɗu su shiga: likita, ma'aikatan jinya biyu, da mai taka rawar uwa. Mai jagoranci ya riƙe takarda, duk abin da aka bincika ya faɗi sakamakonsa: bugun zuciya kaza, ido a buɗe, fata a bushe. Idan ba a bincika ba ya yi shiru.

A ce yaron ɗan shekara huɗu ne, kuma ma'auni ya lalace. Akwai ƙa'idar ƙiyasi: a ƙara huɗu a kan shekarun, a ninka biyu, ya ba da kilo 16. Idan sukarinsa ya faɗi, littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a ba da mililita 5 na ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10 ga kowane kilo, wato mililita 80. Idan mai ƙarfin kashi 50 kaɗai ke cikin kabad, sai a gauraya kaso ɗaya da kaso huɗu na ruwan allura. Idan jijjiga ta kama shi, dayazifam ta dubura rabin miligiram ne ga kowane kilo, wato miligiram 8. Gawayin asibiti, wanda aka sarrafa musamman don ya kama guba a ciki, ya fi amfani a cikin sa'ar farko, kuma ba a ɗura shi ga yaron da ke magagi. Kowane lissafi a faɗe shi da ƙarfi, wani ya maimaita, a zuƙo ruwan a sirinji da gaske.

Makarin zaƙami, wato fisostigimin, ba kasafai ake samun sa a asibitocinmu ba. Atisayen da aka kwafo daga Turai yakan ƙare da ba da shi. Namu ya kamata ya ci gaba daga inda aka buɗe kabad ba a same shi ba, domin mafi yawan masu zaƙami kulawa ce ke tashin su: sanyaya jiki, ƙarin ruwa, kwantar da fisge-fisge, da sa ido har guba ta fita.

Minti goma sha biyar sun isa wasan. Bitar da ke biye ita ce zuciyar aikin, kuma ta cancanci ninkin wannan lokaci. A tambayi kowa me ya gani, me ya zata, me ya hana shi magana. Sau da yawa za a tarar ma'aikaciyar jinya ta lura da idon yaron tun farko, amma nauyin babban likita ya rufe mata baki. Girmama na gaba ɗabi'armu ce mai kyau, sai dai a gefen gadon yaro dole a buɗe wa na ƙasa hanyar cewa "Dakta, a sake duba wannan." Zaman bitar da ya koma wurin kunyata mutane ya kashe kansa, domin gobe ba wanda zai zo.

Hujjojin masu ja

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ciwon huhu sun fi guba kashe yara nesa ba kusa ba, don haka can ya kamata ƙarfi ya tafi. Ƙididdigar tasa gaskiya ce. Amma abin da ake koya a atisayen guba, wato buɗe hanyar numfashi, tsayar da jijjiga, auna sukari, mayar da ruwa da lissafin magani, shi ne dai abin da ke ceton mai zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin tantance yara da ba su taimakon gaggawa da ake kira ETAT, wanda ya samo tushe daga Malawi. A babban asibitin birnin Blantyre, bayan an horar da ma'aikata an sake tsarin karɓar yara, mace-macen waɗanda aka kwantar sun sauka daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, suka koma tsakanin 6 zuwa 8. Abin da ake nema shi ne a saka labarin zaƙami da na rogo a cikin wannan horo da ake yi tuntuni.

Wani kuma zai ce kayan atisaye na masu kuɗi ne. Lalle akwai mutum-mutumi mai numfashi da ƙifta ido wanda kuɗinsa zai sayi mota. Amma wani nazari da Geoff Norman da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa fifikon na'ura mai tsada a kan mai sauƙi, ta fuskar abin da ɗalibi ke tafiya da shi, ƙanƙane ne. Shirin koyar da farfaɗo da jarirai da aka ƙaddamar a 2010 da ƴar tsanar roba da ake cika ta da ruwa yake aiki, kuma a asibitoci takwas na Tanzaniya an samu raguwar mutuwar jarirai a ranar haihuwa da kashi 47 cikin ɗari. Madam du Coudray ma da allura da zare ta yi nata.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa ana mantawa. Wannan kam haka ne. A asibitin Haydom na Tanzaniya an ga cewa kwas na yini ɗaya ya gyara aikin ma'aikata a kan ƴar tsana, amma bai sauya abin da suke yi a ɗakin haihuwa ba. Sai da aka koma gajeren atisaye a kai a kai, a wurin aikin kansa, sannan mutuwar jarirai ta ragu. Darasin a fili yake. Taron bita na otal, mai jaka da takardar shaida da kuɗin zama, ba shi ne ake kira a yi ba. Rabin sa'a kowane mako, a ɗakin da yaron zai shigo, da mutanen da za su karɓe shi, shi ne ke zama ɗabi'a.

Kammalawa

Ana iya fara wannan aiki ba tare da jiran tallafi daga waje ba. Tsangayoyin koyon aikin likita su sa tsirran yankinsu a cikin atisayen ɗalibai kafin su fita aiki. Shugabannin asibitoci su ware lokaci a jadawalin mako, su manna allon hotunan tsirrai da sunayensu na gida a bangon ɗakin gaggawa, inda uwa za ta iya nunawa da yatsa. Sassan nazarin Hausa su ba da sunayen da maganganun. Kakanninmu sun yi nasu rabon da suka kira tsiro haukata-yaro don a kiyaye shi. Rabon wannan zamani shi ne, ranar da kiyayewar ta kasa aka shigo da yaron a kafaɗa, ya tarar da hannun da ya riga ya san abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.